Hannun Daman Kofur Sanda

Rahoton likitan shafi huɗu ne, amma layi uku kacal a shafi na biyu su suka kayar da Sanda Ilu Bichi. Likitan ya rubuta cewa da Sanda ya shigo ɗakin, shi ya fara miƙo hannun dama suka gaisa, kuma riƙonsa da ƙarfi. Ya rubuta cewa da aka kawo shayi, da hannun dama ya karɓi kofin. Ya rubuta cewa da hannun dama ya riƙe biro ya sa hannu a takarda, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Babu ƙarya ko guda a layukan nan. Duk abin da likitan ya ce ya gani, ya faru.

Da wannan rahoto ofishin da ke biyan diyya ga sojojin da suka ji rauni a bakin aiki ya yanke cewa karayar da Sanda ya samu a wuyan hannu ta warke. Aka ba shi ɗan abin da ake ba wanda ya karye ya warke, aka rufe fayil. Shi kuwa makanike ne mai shekara arba'in da ba ya iya murɗa sifana, ko kwalbar mai sai ya matse ta a hammata kafin ta buɗu. Idan takardar ta tsaya a haka, to ta tsaya ke nan: hannu ya tafi, sana'a ta tafi, babu kuma abin da zai riƙa tallafa masa duk wata. Shi ya sa ya ɗaukaka ƙara. Aka sa masa rana a Birmingham, wata Talata cikin watan Maris.

A Bichi aka haife shi, shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifinsu mai gyaran injin markaɗe ne a bakin kasuwa, a can Sanda ya fara sanin ƙarfe. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, yayarsa Hajo ta raine shi. Hajo ba mafaɗaciya ba ce, amma akwai abu guda da ba ta ɗaga ƙafa a kai. Duk ranar da ya kai hagu cikin kwanon tuwo, ko ya miƙa wa babba ruwa da shi, sai ya ji bayan ludayi a kan yatsunsa. Kafin ya shiga firamare hagunsa ya san matsayinsa: tsarki, ɗaukar takalmi, da tallafar wuyan dama idan ana gaisawa da manya.

Karatun gyaran mota ya kawo shi Manchester a 2006. Da karatun ya ƙare, takardar zamansa ma tana shirin ƙarewa, a lokacin kuma rundunar sojan ƙasar tana ɗaukar 'yan ƙasashe rainon Ingila. Ya shiga a 2008. Shekara goma ya yi a ƙarƙashin manyan motocin soja, har ya kai kofur.

Abin ya same shi a 2016, wajen wani atisaye, ana ruwa, ƙasa duk taɓo. Suna canza tayar wata babbar mota ta suɓuce, ya tare ta da tafin dama, ta lanƙwasa masa wuyan hannu baya. Ya ɗauka targaɗe ne. Ya shafa man zafi, ya naɗe da bandeji, ya ci gaba da aiki har mako biyar. Da aka ɗauki hoto, ashe wani ɗan ƙashi ne a gindin babban yatsa, girmansa bai fi ɓawon gyaɗa ba, ya rabe biyu. An yi tiyata, an ɗaure shi da ƙusa. Ƙashin ya haɗe a karkace, tun daga nan gaɓar take cin kanta a hankali.

Ya bar soja a 2018 don kansa, bai jira a ce masa ya kasa ba. Ya sami aikin ɗaukar kwalaye a wani ɗakin ajiyar kaya, ya yi shekara biyu, kwali ya suɓuce masa sau uku cikin mako ɗaya, ya ajiye aikin kafin a kira shi ofis. Yanzu yana gadin wani filin ajiye motoci a bayan Stockport Road, kwana uku a mako, yana danna maɓallin ƙofa da hagu a cikin ɗan akurkin da babu mai leƙawa. Matarsa Ramlat ta gama digirinta na uku ta koma Zariya koyarwa. Ta ce ya zo su tafi, ya ce sai maganar fayil ta ƙare. Maganar ba ta ƙare ba, auren ne ya ƙare, ta waya, babu ko ɗaga murya.

A unguwar Levenshulme ta Manchester yake zaune, a wani flat mai ɗaki ɗaya a saman shagon katifu. Da can, duk Lahadi sai ya hau bas ya je Old Trafford, gidan da ɗalibai 'yan arewa suke haɗuwa, a shimfiɗa leda a ƙasa, a zuba abinci a faranti ɗaya, kowa ya wanke hannu. Zuwansa na ƙarshe walimar suna ce. Ya gutsuro tuwo zai yi loma, yatsun suka ƙi haɗuwa, lomar ta faɗi a kan hannun rigar wanda ke kusa da shi. Wani ya tashi ya kawo masa cokali. Ya riƙe cokalin da dama, ya kai baki sau uku, ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Bai sake komawa ba. Aka riƙa cewa Kofur ya zama Bature, ba ya zumunci.

Juma'a ma sai an tada salla yake shiga, ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallama ya zari takalminsa. Musabaha da mutum talatin tana nufin kwana biyu hannun yana zugi, kuma bai san yadda za a miƙo masa hannu ya ƙi karɓa ba. A ɗakinsa kuwa, idan ya dafa taliya, sai ya ja labule kafin ya zauna, duk da cewa tagar bangon wani gida kawai take kallo. Sannan ya ɗauki cokali da hagu.

Hajo tana kira duk Lahadi bayan la'asar. Tambayar ɗaya ce, amsar ɗaya ce. Ya hannu? Da sauƙi, Yaya. Shekara bakwai.

Wakiliyar da wata ƙungiyar taimakon tsofaffin sojoji ta ba shi Baturiya ce mai haƙuri. Ta karanta masa layukan nan uku ta waya, ta tambaye shi me ya sa ya miƙa hannun idan yana ciwo. Ya ce ai likitan dattijo ne. Ta ce gaskiya ba ta san yadda za ta gabatar da wannan a gaban alƙali ba. Ta tambaya ko akwai wanda ya san shi tun kafin raunin, wanda zai zo ya ba da shaida. Sanda ya daɗe kafin ya ambaci Chollom.

Chollom ɗan Vom ne a jihar Filato, saje ne a garejin da Sanda ya yi aiki, kuma yana tsaye a wurin ranar da tayar ta suɓuce. Yanzu yana tuƙa bas a Birmingham, yana zaune a unguwar Erdington da matarsa Rebecca, ma'aikaciyar jinya. Shekara huɗu rabonsu da haɗuwa. Chollom ya yi ta kira har ya gaji. Da Sanda ya kira shi, bai yi ƙorafi ba, sai ya ce zai ɗauki hutun ranar, kuma Sanda ya fara biyowa ta gida tunda zaman sai ƙarfe biyu.

Ranar Talata ya hau jirgin ƙasa na safe daga tashar Piccadilly, fayil ɗinsa a cikin leda. Ƙarfe goma da 'yan mintuna yana ƙofar gidan. Chollom ya buɗe, ya ƙara ƙiba, gashin kansa ya tafi. Ya ce, “Bakano, ashe kana raye,” ya miƙo hannu. Sanda ya ba shi dama, hagu yana tallafe da wuyan. Chollom ya damƙe irin damƙar bariki. Sanda ya dafa bango, gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin sanyin Maris. Bai yi ƙara ba.

Chollom ya saki hannun da sauri. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ja shi ciki.

A teburin kicin ya sa tabarau ya karanta rahoton. Da ya iso shafi na biyu ya fara dariya, dariyar ta tsaya a hanya.

“Wai kai assessment ka je wurin likita, ko gaishe da surukai?”

“Dattijo ne, Saje. Ya yi sa'an babana.”

“Shi ya ce ka ba shi hannu?”

“To in shiga ɗakin mutum in tsaya masa kamar gungume?”

“Shayin fa? An sa maka bindiga?”

“Da hagu zan karɓi abin sha a hannun mutum?”

Chollom ya cire tabarau ya tambaye shi abin da ya faru bayan ya fito. Sanda ya ce ya zauna a wurin jiran bas, hannun a hammata, bas uku suka wuce bai iya tashi ba. Chollom ya tambaya ko ya faɗa wa wani. Ya ce wa zai faɗa wa.

Rebecca ta dawo daga aiki ba da daɗewa ba, tana tsaye jikin murhu da rigar asibiti. Ta ce ta sha ganin irin haka a wurin mutanenmu. Akwai wata tsohuwa da aka sa wa ƙarin ruwa a hannun dama, ta ƙi cin abinci wuni guda, aka rubuta cewa ba ta da sha'awar abinci, sai da ita Rebecca ta zo ta mayar da allurar hagu.

“Abin da ido ya gani suke rubutawa, Kofur,” in ji ta. “Ba su san akwai abin da mutum zai gwammace ya sha zafi da ya aikata shi ba. In ba ka faɗa ba, babu inda za su samo shi.”

Ta ajiye masa shayi da burodi. Ya ce ya karya a jirgi. Ba ta matsa ba. Da za su fita, Chollom ya nuna kujerar da Sanda ya tashi a kai ya ce ya ajiye ladabinsa a nan, in sun dawo ya ɗauka, babu mai taɓa masa.

Ɗakin da aka yi zaman bai yi kama da kotu ba. Tebur ne dogo, da tulun ruwa na gilashi, da mutum uku a ɗaya ɓangaren: alƙaliya a tsakiya, likita mai furfura a damanta, tsohon hafsan soja a hagunta. Wakilin ofishin diyya ya karanta layukan nan uku cikin ladabi, bai ƙara komai ba. Chollom ya ba da shaidarsa, tayar, taɓon, makonni biyar da bandeji. Ya ce a shekara takwas da suka yi tare bai taɓa jin Kofur ya ce wash ba, kuma wannan ba yabo ba ne.

Aka juyo kan Sanda. Alƙaliya ta tambaye shi yadda yake yin wanka, da sa tufafi, da girki. Ya miƙe zaune kamar a gaban kwamanda ya ce yana lallaɓawa. Ta tambaya ko ciwon yana hana shi wani abu. Ya ce akwai waɗanda suka fi shi shan wahala. Wakiliyarsa ta sunkuyar da kai tana kallon takardunta. Chollom ya ja dogon numfashi a bayansa.

Likitan ne ya lura. Ya ce a cikin fayil an rubuta cewa asibiti ya ba shi abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki, amma bai ga yana sanye da shi ba. Sanda ya ce yana aljihun kwat. A bakin ƙofa ya cire shi, don yana ganin shiga da shi kamar roƙo ne. Likitan ya ce ko zai iya gani.

Sanda ya tashi. Kafin ya yi tunani, damansa ya riga ya ɗauko abin, hagu ya bi ya tallafi wuyan, ya ɗan rusuna, kamar yadda ya yi wa wancan likitan, kamar yadda yake yi tun yana ɗan shekara biyar. Hannun ya kai rabin teburin. Zafin ya taso daga gindin babban yatsa ya nufi gwiwar hannu, ya ji muƙamuƙinsa ya fara cijewa, fuskarsa tana shirin yin abin da ta saba. Ya san idan ya ƙarasa miƙawa, mutum uku za su gani, kuma abin da suka gani za su rubuta.

Ya tsaya. Ya mayar da abin hannun hagu, ya miƙa wa dattijon. Bai ɗaga ido ba. A hankali, da Hausa, ya ce a gafarce shi da hagu.

Alƙaliya ta tambaye shi me ya ce.

Ya fassara mata. Ta tambaye shi me ya sa yake neman gafara. Sanda ya koma ya zauna, ya ɗora hannun a cinya, ya fara magana, kuma wannan ne karo na farko da ya yi ta da tsawo tun da aka buɗe fayil ɗin. Ya ce a inda ya tashi ba a ba babba abu da hagu, ba a karɓa da shi, ba a ci da shi. Ya ce ranar da ya gaisa da wancan likitan ba ƙarfin hannu ya nuna ba, tarbiyya ce, kuma ya biya ta a wurin jiran bas. Ya faɗi lomar da ta faɗi a rigar mutum. Ya faɗi sahun ƙarshe. Ya faɗi labulen. Muryarsa ba ta canza ba, kamar yana ba da rahoton motar da ta lalace.

Tsohon hafsan, wanda bai yi magana ba tun da aka fara, ya tambaye shi yaushe rabonsa da cin abinci tare da wani.

“Shekara uku da wata biyu, ranka ya daɗe,” in ji Sanda, rabi da Turanci rabi da Hausa.

Hafsan ya rubuta. Likitan ya juya abin ɗaurin a hannunsa. Maɗaurinsa ya cinye, an yi masa ɗinki da baƙin zare, ɗinkin a karkace, irin na wanda ya yi da hannun da bai saba ba. Ya roƙi Sanda ya nuna iyakar inda wuyan hannun yake lanƙwasawa. Ya nuna. Bai kai ko'ina ba.

Suka jira a waje kamar rabin awa. Da aka kira su, alƙaliya ta ce sun karɓi ƙarar. Ta ce hoton ƙashin na baya-bayan nan da abin da suka ji yau sun gamsar da su cewa raunin ya rage amfanin hannun ƙwarai, kuma na dindindin ne. Za a mayar da shi matakin da ya dace, takarda za ta biyo baya. Wakiliyarsa ta yi murmushi. Chollom ya buga masa baya.

Sanda kalma ɗaya ya ji: dindindin. Ita ya zo nema tun daga Manchester, kuma shekara bakwai babu wanda ya faɗa masa ita ido da ido. Ya daɗe yana cewa da sauƙi, har wani ɓangare na zuciyarsa ya yarda.

A waje Chollom ya ce su koma Erdington, Madam ta yi gwaten acha, abin cokali ne, kuma a gidansa babu mai kallon hannun kowa. Sanda ya ce jirgi zai tsere masa. Chollom ya ce jirgin Manchester ba ya ƙarewa, ya kalle shi, sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wata ƙaramar kula.

“Ta ce haka za ka ce. Ta kuma ce kular tata ce, ba kyauta ba ce, da ƙafarka za ka dawo da ita.”

A tashar New Street suka rabu. Chollom bai miƙo hannu ba, ya dafa kafaɗarsa. Sanda ya zauna jikin taga, kular a cinyarsa da ɗuminta, bai buɗe ba sai da ya hau saman shagon katifu ya rufe ƙofa.

Ranar Lahadi bayan la'asar Hajo ta kira. Yana jin ƙarar injin markaɗe a bayanta. Suka gaisa, ta faɗa masa wanda ya rasu da wadda ta haihu, sannan ta ce ya hannu.

“Yaya, ba zai warke ba. Da hagu nake cin abinci yanzu.”

Injin ya yi ta ƙara. Ya ɗauka layin ya yanke.

“Tun yaushe?”

“Shekara uku.”

“Kai da wa kake ci?”

“Ni kaɗai.”

Ya ji ta ce wa wani a kashe injin nan.

“Sanda, ni na hana ka,” in ji ta. “To ni na ce ka yi bisimilla ka ci. A gaban kowa.”

Ya ce to, Yaya. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ya yi ta amsawa da amin, har katinta ya ƙare.

Takardar ta iso bayan mako biyu, ya sa ta a cikin leda tare da sauran. Yana nan yana danna maɓallin ƙofa kwana uku a mako. Juma'ar da ta wuce ma a sahun ƙarshe ya tsaya. Kular Rebecca tana bakin ƙofa, a wanke, a cikin jaka. Bai sa ranar mayar da ita ba tukuna.